Ba Zan Yanke Muryarki Ba

Ya ke sanyin idona, inuwar da na tarar bayan doguwar tafiya, raɓar da ke sauka ba tare da shela ba. Ya ke Likita, wadda tafin hannunta ke kwantar da dabbar da ta firgita, muryarta kuma ta kwantar da mutumin da bai ma san a firgice yake ba,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe yana auna ta kafin ya furta. Kin san ni ba gwanin kirari ba ne. Kin sha yi mini tsiya cewa ina riƙe kalma a baki kamar mai ratsa kasuwa da ƙwai a hannu. Amma yau na buɗe rumbun gaba ɗaya, domin abin da nake son karewa ya fi ƙarfin tsumulmular da na saba. Ke ce ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, ke ce kuma ƙamshin da ke tashi bayansa. Ke ce reshen da tsuntsu ke zaɓa bayan ya gama kewaya daji. Idan kika ga na zarce, ki yi mini uzuri. Shirun shekaru ne ya taru ya sami ƙofa.

Saƙonki ya same ni da hantsi, ina zaune gaban na'urar da nake tace sauti a gidan rediyo. Gajere ne, kamar yadda kika saba idan abu ya yi miki ciwo. Kin ce, "Mai almakashi, ka yanke. Ka yi mini yadda kake yi wa kowa." A ƙasa kuma kika ƙara layin da ya fi na farko nauyi: wai idan muryar ta fita yadda take, dangina za su ji irin matar da nake shirin kawo musu. Na karanta, na kife wayar a kan tebur, na sake ɗauka na karanta. Amsata ita ce a'a. Sauran wannan wasiƙa dalilai ne, da roƙo, da wani abu da ban sami sunan da ya dace da shi ba sai tawaye.

Bari in jera abin da ya faru yadda ya faru, don kada ɓacin rai ya karkatar da shi. An gayyace ki shirin manoma da makiyaya, ki yi bayani a kan cutar da ke kashe 'yan awaki da damina. Kin zo, kin zauna a bayan gilashi, jar fitila ta kama, kin yi magana, na naɗa. Shugaban shirye-shirye ya saurara daga baya. Ya yaba ilimin, har ya ce zai so ya ba ki fili kowane mako, amma da sharaɗi: ko dai in tsince in'inar daga cikin maganarki har ta yi sumul, ko kuma a rubuta abin da kika faɗa a ba Bakin Zuma, mai gabatar da shirin, ya karanta da tasa muryar. Wani mai saurin baki ya kai miki labarin kafin ni. Shirin kuma ranar Asabar zai fita.

Ki bar ni in gaya miki abin da masu sauraro ba su sani ba, tunda ni ne ke zaune a inda ake wanke muryoyi kafin a shanya su a iska. A kan allon da ke gabana murya zane ce: tuddai da kwaruruka, wani wuri cunkus kamar kurmi, wani wuri fili fetal. Aikina in bi zanen nan in tsince tari, in cire gyaran murya, in share "wato" da "ka gane" da "to, to, to," in matso da jimla kusa da 'yar'uwarta har ɗinkin ya ɓace. Bakin Zuma, wanda ake cewa maganarsa kamar ana tsiyaya mai, ba ya iya kai doguwar jimla gaɓa ba tare da ya koma ya sake ɗauko ta ba; ni nake haɗa masa. Akwai wani babban malami da ke zuwa yana "am, am" kamar ɗan akuyar da ya ɓace wa uwarsa, amma ya fita a rediyo yana gudana kamar kogi. Duk santsin da kike ji kina auna kanki da shi, ya ke hasken raina, santsin almakashi ne. Babu ɗan Adam da ke magana haka. Kina gasa da mutumin da ba a taɓa haifa ba, na kuwa san haka domin ni nake ƙera shi kullum.

Za ki ce, in haka ne, me ya hana in yi miki abin da nake yi musu? Tambaya ce mai ƙarfi, ban kuwa raina ta ba. Abin da nake cire musu ƙura ce a kan riga. Suna fita daga ɗakin su koma gida, babu mai tare su a hanya ya ce ashe ba haka kake magana ba. Abin da aka ce in cire miki kuwa ba ƙura ba ce; tafiyar harshenki ce, tun kina ƙarama. Idan na yi, makiyayin da ya saurare ki ranar Asabar zai kawo miki akuyarsa ranar Litinin, ya ji ki, ya ɗauka ta rediyo ce ta gaskiya, ke kuma ta gabansa ke ce lalatacciyar. Ni kuma zan zauna kowane mako in riƙa faɗa da hannuna cewa matar da nake so kuskure ce da ake gyarawa kafin a nuna wa mutane. Wane irin miji ne zai fara gina gidansa da wannan aikin?

Kada ki zaci na ƙi ne tun kafin in gwada. Kin roƙa, muryarki ce kuma, don haka na rufe ƙofa, na sa abin sauraro a kunne, na yi aikin da duk ƙwarewar da Allah Ya ba ni. Na cire kowace maimaitawa. Na rufe kowane rami. Da na gama na saurara, sai na ji wata baƙuwa. Tana da iliminki, tana da kalmominki, amma ba ta numfashi. Domin kin san me? Numfashinki yana zaune ne a cikin tsayawar nan. Da na ɗauke tsayawar, numfashin ya tafi tare da ita. Matar da ta rage tana zuba magana kamar famfon da aka manta a buɗe, ba ta jiran kowa, ba ta kallon kowa. Da ita na haɗu a asibitin dabbobi, da na karɓi magani na yi godiya na tafi, ban waiwayo ba. Na goge ta. Ban taɓa goge aikina da sauƙin zuciya irin na ranar ba.

Sannan na koma kan ta asali. Akwai wuri a ciki da kika ba da labarin dattijuwar da ta zo miki da igiyoyi a hannu, babu abin da ke ɗaure a jikinsu, domin cutar ta share mata garke a cikin damina guda. Kin zo kan kalmar da za ki faɗi abin da ta rasa, sai harshenki ya tsaya. A kan allo wurin ya zama doguwar hanya mara bishiya. Amma a kunne, ya ke abar ƙaunata, ba fili ba ne. Ana jin ki a ciki. Ana jin kina tura kalmar kamar mai tura ƙofar da ruwa ya kumbura, ana jin ba ki janye ba, ba ki musanya ta da wata mai sauƙi ba. Da ta fito, ta fito da nauyinta duka. Na yi shekaru ina sauraron gwanayen magana suna ba da labarin asara ba tare da ko gashin girarsu ya motsa ba. Wannan wurin ne Shugaba ya sa wa alama ya ce in fara yankewa. Wurin da ya fi ko'ina rai!

Kin tuna ranar da muka fara haɗuwa? Tunkiyar Inna, mahaifiyata, ta kasa haihuwa, ni kuma na ɗauko ta a bayan mota sanye da kayan ofis, ban san ko ta ina ake riƙe tunkiya ba. Kika durƙusa a kan siminti, kika naɗe hannun riga, ba ki ko kalle ni ba. Kika ce, "K-k-kama mata kai." Na kama. Can sai kika buƙaci wani abu daga kan tebur, kika buɗe baki, kalmar ta ƙi. Haɓarki tana rawa, idonki ya rufe, hannunki yana cikin aikin da ba a sakinsa. Ga kwalabe, ga auduga, ga tawul, ga abubuwan da ban san sunansu ba. Na tsaya ina kallon fuskarki har kalmar ta iso, sannan na miƙo abin da kika ce. Bayan ɗan ragon ya miƙe yana tangaɗi a kan ƙafafunsa, kina wanke hannu a bakin famfo, kika tambaye ni me ya sa ban ƙarasa miki ba, tunda kowa ƙarasa miki yake yi. Na ce, "Ban san abin da za ki faɗa ba." Kika yi dariyar da har yau ba ta bar kunnena ba, dariya irin ta ruwa ya sami gangare. Ni kuwa ba wasa na yi ba. Har gobe ban san abin da za ki faɗa ba, shi ya sa nake son jin sa.

Masu ƙarasa miki kalma suna zaton taimako suke yi. A gaskiya gaya miki suke yi cewa sun riga sun san iyakar tunaninki. Yayanki, Allah Ya ƙara masa lafiya, shi ne sarkinsu. Ranar da na fara zuwa gidanku, muna zaune a tsakar gida a kan tabarma, kika dube ni kika ce kina so ki, sai kalmar ta tsaya. Nan take Yaya ya ƙarasa miki, wai so kike ki kawo mini ruwa, ai ya gane, ya ma aika a kawo. Na karɓi kofi ina sha cikin ladabi irin na mai neman aure, ke kuma kina ta fama, har kika samu kika ƙarasa: so kike ki gaya mini akuyar gidan tana cin gefen rigata. Kafin in juya ta kai ga aljihu. Rigar tana nan, ban ba tela ba. Ina ajiye da ita a matsayin hujja a kan duk mai gaggawar shiga bakin wani.

Akwai kuma wani rashin adalci da na daɗe ina kallo ban ce komai ba. Ni ma ina tsayawa kafin in yi magana. A taron ofis ana tambayata, in yi shiru har mutane su fara gyara zama, sannan in faɗi kalma biyu. Me suke kiran wannan? Natsuwa. Kamala. Wai mai ilimi ne, yana auna magana. Ke kika tsaya daidai wannan tsayawar, sai su sunkuyar da kai, su dubi agogo, su ce ki kwantar da hankali, ki ja numfashi, ki bi a hankali, kamar wadda ba ta taɓa jin wannan shawarar ba tun haihuwarta. Jira ɗaya ne, ya ke zinariyata. Nawa ana yi masa rawani, naki ana yi masa jaje. Alhali ni sau da yawa ina shiru ne don ban san abin da zan ce ba. Ke kuwa kin sani sarai, hanya ce kawai ta yi miki tsawo. Wa ya fi cancanta a jira shi a cikinmu?

Wa ya ce ma magana hanya ɗaya gare ta? Kurciya tana maimaita kukanta tun safe, ba a taɓa kai ta gyara ba. Ruwan sama yakan fara da ɗigo, ya ɗauke, ya sake ɗigowa, sannan ya sako, manomi kuma bai taɓa ce masa ya koma ya shiryo ba. Rafin da ke ratsa duwatsu yana tuntuɓe a kowane taku, shi ne kuwa ake jin muryarsa daga nesa. Mai tafiya sumul ba a san da shi ba sai an faɗa ciki. A layinmu akwai tela mai magana da hannu, ba ya ji, amma babu wanda ya kai shi iya ba da labari. Akwai mai gyaran babur da ke zuba magana kamar ƙanƙara a kan kwano, da tsohon da ke fara kowane zance daga kakanninsa kafin ya iso ga abin da ya kawo shi. Duk ana zaune da su, ana saye ana sayarwa, ana ɗaurin aure ana suna. Sai a akwatin rediyo ne kaɗai za a ce duniya murya ɗaya gare ta?

Na je ofishin Shugaba. Ya tarbe ni da fara'a, ya ce ya san zan kawo masa aiki mai tsabta kamar kullum. Na ce ban kawo ba, ba kuma zan kawo ba. Ya cire tabarau. Ya ce mai sauraro ba shi da haƙuri, da ya ji an tsaya zai murɗa ya koma wata tasha; ya ce gidan rediyo ba asibiti ba ne; ya ce ma don mutuncinki yake yi, kada a yi miki dariya a shagunan shayi. Na bar shi ya gama, domin ni ba na ƙarasa wa kowa magana, ko da na san inda ta nufa. Sannan na ce, "Ranka ya daɗe, mutumin da 'yan awakinsa ke mutuwa zai jira. Mu ne ba mu iya jira ba, muke ɗora masa." Na ƙara da cewa a cikin masu sauraronmu akwai masu in'ina, suna noma, suna kiwo, suna sayen batir kamar kowa, kuma tun da aka kafa gidan nan ba su taɓa jin mai irin harshensu ya fito ta cikin akwatin ba, sai dai a wasan barkwanci, inda ake kwaikwayonsu don a yi dariya. Sakatariyarsa ta gaya wa kowa daga baya cewa tun da aka ɗauke ni aiki ba ta taɓa jin na yi magana mai tsawon wannan ba. Wai har ta leƙo ta tabbatar ni ne.

Ga yadda muka rabu. Ya ce idan Juma'a ta yi ban miƙa gyararren ba, zai ba wani ya yanke, ni kuma in koma ɗakin ajiyar tsofaffin kaset in riƙa kaɗe musu ƙura. Na ce na ji. Har na kai ƙofa, sai ya ƙara da cewa hanya ɗaya ce zai bar shirin ya fita yadda aka naɗe shi: idan mai muryar da kanta ta zo ofishinsa ta ce haka take so. Yana murmushi ya faɗa, domin ya tabbata ba za ki zo ba. Ya auna ki da saƙon da kika aiko mini, wanda labarinsa ya kai kunnensa. Bai taɓa ganin ki durƙushe a kan siminti kina jayayya da mutuwa a kan ɗan rago ba.

Ɗakin kaset bai dame ni ba, kada ki sa shi a cikin lissafinki. Akwai taga a ciki, akwai muryoyin mutanen da aka naɗa tun kafin a iya yanka da kyau, suna tari suna dariya suna gyara zama. Zan ji daɗin zama da su.

Yanzu ga layinki na biyu, wanda shi ne ainihin ciwon. Dangina. Na san abin da ya kai kunnenki, domin a gabana aka faɗa. Gwaggo ce, ƙanwar mahaifina, ta ce yarinyar ba ta da laifi, ga ilimi ga kunya, amma a duba, kada 'ya'ya su ɗauko. Na ce mata, "Gwaggo, in sun ɗauko, za su tarar da gidan da ake jira." Sai ta shiga gyara ɗankwali. Inna kuwa, wadda kike bin tunkiyarta bashin rai har yau, ta ce ita ba ta ga abin damuwa ba: ni ba na magana, ke ba kya sauri, a ƙarshe za a sami gida ɗaya a dangi da maƙwabta za su huta. Aka yi dariya, har Gwaggo ta murmusa ba da son ranta ba.

Ki ji ni da kyau, ya ke wadda zuciyata ta zaɓa tun kafin ta nemi shawarata. Ba na neman dangina su karɓe ki duk da muryarki, kamar wanda ya sayi gona mai kyau ya haƙura da dutsen da ke tsakiyarta. Ban haƙura da komai ba. Ban yi miki alfarma ba. Muryar nan ita ce ta fara kirana, a cikinta na fara jin sunan da kika laƙaba mini, yana zuwa a hankali, yana tsayawa a bakin ƙofa kafin ya shigo, kamar baƙo mai tarbiyya. Duk wanda zai karɓe ki sai an tace ki, ba ke ya karɓa ba. Idan muka ɓoye ki ranar Asabar, wace rana za mu daina? Ranar biki za ki yi shiru? Ranar suna a ba wata ta amsa gaisuwa a madadinki? Za mu tsufa muna gadin ƙofar bakinki kamar masu ɓoye abin kunya? Ban yarda ba. Ko da ke kika roƙa, ban yarda ba.

Ba kuma zan yi miki ƙaryar masoya ba, in ce in'ina ado ce kawai. Na ga yadda kike komawa gida da ciwon muƙamuƙi bayan yini mai yawan magana. Na ga yadda kike kallon waya tana ƙara kamar ana nuna miki wuta. Na san akwai ranakun da kike sayen abin da ba shi kike so ba, don sunansa ya fi sauƙin fita. Ni ban ɗauki wannan kayan ba, ba ni da ikon cewa ba shi da nauyi. Idan wata rana kika so ki ga masu koyar da dabarun sassauta harshe don ki rage wa kanki gajiya, ni zan kai ki, in zauna a waje in jira. Amma ki je don kanki, ba don kunnen Shugaba ba, ba don hankalin Gwaggo ba, ba don ki zama matar nan mara numfashi da na goge ba.

Ga roƙona, ƙwaya ɗaya. Ki zo ranar Juma'a. Ki fara biyowa ta ɗakina, ki zauna a kujerata, in sa miki abin sauraro a kunne, ki ji kanki tun daga farko har ƙarshe, abin da na san ba ki taɓa yarda kin yi ba. Ki ji matar da nake ji. Idan bayan haka kika ce a yanke, muryarki ce, ba zan tare ƙofa ba, ba zan yi fushi ba, son da nake miki kuma ba zai ragu da ƙwayar gero ba. Sai dai wani hannun ne zai yi, ba nawa ba. Idan kuwa kika miƙe kika nufi ofishin Shugaba, zan bi bayanki in tsaya a bakin ƙofa. Ba zan ce uffan ba. Zai yiwu kalmar farko ta tsaya. To, ta tsaya! Ya dubi agogo, ya gyara tabarau, ya buɗe baki zai ƙarasa miki, ya haɗa ido da ni ya fasa. Mutumin da ya shekara yana sa mutane jira a kan benci, ranar nan shi zai jira, kuma ba zai mutu ba.

Ya ke damina bayan fari, ya ke tauraruwar da ba ta gaggawar fitowa amma matafiyi da ita yake gane gabas: ina tunanin wata mata a wani gida da ban sani ba, tana zuba wa awaki dusa, rediyo na rataye a jikin ƙusa. Ta daɗe da barin mijinta ya yi mata ciniki, 'yarta ta amsa mata sallama. Sai ta ji wata murya ta tsaya a inda tata ke tsayawa, ta kuma ji ba a kashe ba, ba a sa kiɗa an rufe ba, ba a yi dariya ba. An jira, muryar ta ci gaba, kuma likita ce. Ban san abin da matar nan za ta yi ba. Wataƙila ta ajiye kwanon dusar kawai. Ni dai ba zan zama wanda ya sa almakashi tsakaninki da ita ba.

Abu na ƙarshe. Rediyon Gwaggo ya daɗe a kan kabad babu batir, tana cewa ba abin da ake faɗa a ciki sai surutu. Na saya mata sababbi. Suna cikin aljihuna yanzu haka, ina jin nauyinsu ina rubutu. Ban gaya mata komai ba tukuna, domin ba ni da izininki. Amma idan kika ba ni, ranar Asabar zan je ɗakinta da kaina, in sauko da akwatin, in goge shi, in sa batir, in murɗa har in kamo tashar, in zauna a gabanta a kan tabarma. Idan kika zo wurin nan mai doguwar tsayawa, ta ɗago ta dube ni, zan ce mata, "Ita ce, Gwaggo. Saurara, ba ta gama ba."

Ni ma ban gama ba, ba kuma zan gama ba. Zan jira ki a bakin kowace kalma, a wannan Juma'ar da duk waɗanda ke bayanta, da ƙuruciya da furfura, har ranar da nawa harshen zai yi nauyi ke kuma ki zauna ki jira ni.

Naki shi kaɗai, jiya da yau da abin da ya rage,
Mai almakashin da ya ajiye almakashinsa.